Kowa Ɗan Garinmu Ne

Ciwona ɗaya ne: ba na iya barin baƙo ya zauna a matsayin baƙo. Sana'ata raka masu zuwa hutu gandun dajin Yankari, can Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma kafin mutum ya sauke jakarsa a masaukin Wikki na riga na ƙulla mana zumunci.

Bakano ya ce daga Fagge yake? "Ikon Allah, Alhaji, ai kakata 'yar Fagge ce!" Basakkwace ya sauko mota, sai harshena ya karkace, na shiga "lahiya lau" da "awo". Bafillatani ya zo, mu zauna mu yi wa Barebari tas. Babarbare ya iso da yamma, in koma bayansa mu rama a kan Fulani. Har Baturen da ya zo kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, mutumin da ba abin da yake roƙo sai shiru, sai da na sanar da shi cewa kawuna ya yi wa Turawa aikin kuza a Jos. Tsuntsun da ya daɗe yana fako ya tashi.

Ina kare kaina da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma in za a faɗi gaskiya, har da tsoro. Kowa giwa ya zo gani, ita kuwa giwa ba ta yi alkawari da kowa ba. Da rani akan dace da garkenta a bakin kogin Gaji. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, sai a wuni ana yawo ba a ga ko kunnenta ba. To, wanda ya ɗauke ka jikan 'yar unguwarsu ba zai tsare ka da faɗa ba. Sai ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa, mu je wanka." Ruwan ɗumin Wikki, da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina, shi ke wanke sauran fushin.

Asirina kan tonu a motar shiga daji, inda ake cakuɗa kowa da kowa. Ranar da Kanawa da Zagezagi suka haɗu a kujera ɗaya, kowane ɓangare na jiran in taya shi tsokana, wata yarinya ta ɗaga murya: "Kawu, wai kakanninka nawa ne?" Na nuna mata gwaggon biri don a canza zance. Su ma birran sun fi ni tsayawa kan magana ɗaya, don burodin Alhaji da na Bature duk fizge ɗaya suke yi musu.

Na sha yin niyyar tsayawa a "sannu da zuwa" kawai. Sai ga shi an ce gobe akwai baƙi daga ƙasar Sin, kuma tun magariba nake laluben dangi ko akwai wanda ya taɓa zuwa sarin kaya can.