Yadda Kalma Biyu Ke Rufe Shagon da Yake Buɗe: Shawarwari Kan "Used To"

A ɗauka ga wani Alhaji dillali a Aliero, albasar rani ta fito, rudunsa na ajiya ya cika, tirela na bakin hanya tana jiran lodi. Sai ga saƙo ta WhatsApp daga wani kamfanin ƙasar waje, ana tambaya ko akwai kaya. Alhaji ya kira ɗansa mai karatun sakandare ya ce, "Zo nan, ɗana. Rubuta masu ka ce mukan sayar da albasa mai kyau." Yaro ya ce, "To, Baba," ya danna: "We used to sell good onions." Mutanen kamfani suka karanta, suka tausaya wa Alhaji, suka nemi wani dillalin. Abin da saƙon ya gaya masu shi ne: da can muna sayar da albasa mai kyau, yanzu kuwa ko dai mun bar sana'ar, ko kuma albasar tamu ta lalace.

Daga Legas har Sakkwato mutane da dama za su gane nufin yaron, domin wannan kuskure ya zauna daram a Turancin Najeriya. Amma mai makin jarabawar WAEC ba zai ɗaga ƙafa ba, kuma babu ɗalibin da zai shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, sai da kiredit a Turanci. Ga shawarwari biyar ga duk mai son shagonsa ya ci gaba da zama a buɗe.

Shawara ta farko: ya san inda gizo ke saƙar

Tushen abin a cikin Hausa yake, kuma ba aibi ba ne. Hausa tana da "kan": nakan je, yakan zo, mukan sayar. Wannan ƙaramar kalma ba ruwanta da jiya ko yau. Tsoho a Maiyama zai ce, "Da can mukan je kasuwar Jega bisa jaki," jikansa ya ce, "Mu kuwa mukan je bisa babur," duka da "kan" ɗaya. Ɗalibi ya duba Turanci yana neman ɗan'uwan "kan", ya ci karo da "used to", ya ce ga shi nan. Nan aka rabu, domin "used to" rabin aikin "kan" kawai yake yi, wato rabin da ya shafi abin da ya wuce kuma aka daina.

Yaron Alhaji ma ba shi kaɗai ya taɓa bin wannan hanya ba. A ƙarni na 16 da na 17, zamanin Shakespeare, mutanen Ingila da kansu suna cewa "use to" game da al'adar da ake kan yi. Daga baya suka yar da ita, suka riƙe ta abin da ya wuce. Sai dai mai maki da Turancin yau yake aiki.

Shawara ta biyu: ya gwada jimlarsa da "amma yanzu ba haka ba"

Kafin mutum ya rubuta "used to", ya liƙa wa jimlar wannan wutsiya a zuciyarsa. In ta zauna, ya rubuta. In ta jawo masa rigima, ya goge.

"Kebbi used to be part of Sokoto State." Amma yanzu ba haka ba: an ƙirƙiri jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Ta zauna. "Professor Attahiru Jega used to be the chairman of INEC." Ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ya sauka. Ta zauna. "Adamu Aliero used to be the governor." Daga 1999 zuwa 2007 ke nan. Direban da ke bi ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri zai iya gaya wa yaron motarsa cewa "Nigerians used to drive on the left," domin sai a Afrilun 1972 aka koma hannun dama. Tsohuwar da ke tuna fam da sule tana da gaskiya in aka fassara mata da "We used to spend pounds and shillings," tunda naira ta shigo ne a Janairun 1973.

Yanzu a gwada da waɗannan. Wata ta gama kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, ta zauna gaban masu ɗaukar aiki, tana son nuna tsafta, ta ce, "I used to wash my hands before touching a patient." Amma yanzu ba haka ba? Wa zai miƙa mata majiyyaci? Wani saurayi ya cika takardar neman aiki a makarantar Islamiyya, ya rubuta, "I used to pray five times daily." Wani kuma ya tura wa budurwarsa "I used to think about you every night," yana zaune yana jiran godiya, sai ga ƙanenta ya dawo masa da turaren da ya kai.

Maganin duka ukun bai kai kuɗin ƙullin gishiri ba. Al'adar da ake kan yi ba ta bukatar komai sai aikatau tsurarsa: "I wash my hands." "I pray five times daily." In ana son armashi a ƙara "usually" ko "always". Nakan je shi ne "I usually go".

Shawara ta uku: ya rarrabe 'yan uku

Kalmomin nan biyu suna fitowa da riga uku, kuma albasar Aliero ta isa ta nuna su duka.

Na farko shi ne wanda aka gani: "He used to farm onions," da can yana noman albasa, ya bari. Na biyu yana zuwa da "is", "am" ko "are" a gaba, ma'anarsa sabo: "He is used to farming onions," ya saba da noman albasa. A nan aikatau ɗin da ke biye dole ya ɗauki "ing" a wutsiya, ko kuma a sa suna: "Aliero people are used to the smell of onions." Ɗalibin da ya zo jami'a daga kudu, zafin Afrilu ya gasa shi, hunturu ya fasa masa leɓe, in ya kai aji biyu sai ya rubuta wa gida, "I am getting used to the weather," wato ya fara sabawa.

Na uku ba ruwansa da al'ada ko sabo, amfani da abu yake nufi: "A rudu is used to store onions," da rudu ake ajiyar albasa. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo wa masu karaya daga garuruwa masu nisa, su ma suna da tasu: "Sticks are used to hold the bone in place." Kunne ma yana raba su. Na farko da na biyu ana furta su "yus tu", da sautin "s". Na uku kuwa "yuzd tu" ne, da "z".

Bambancin "ing" ɗin nan ba ƙarami ba ne. "I used to eat tuwo" mutum ne da ya rabu da tuwo. "I am used to eating tuwo" mutum ne da za a ƙara wa malmala.

Shawara ta huɗu: in "did" ya shigo, "d" ya fita

Wajen tambaya da korewa, "did" ne ke ɗaukar nauyin lokacin da ya wuce, saboda haka "used" ya sauke nasa. "Did you use to live in Jega?" "I didn't use to like onions." A baki ba a jin bambanci, shi ya sa ake mantawa, amma a takardar jarabawa jan biro yana gani. Wanda ke shakka yana da mafita: "I never used to like onions," a nan "d" yana nan abinsa.

Shawara ta biyar: kada ya ɗora masa lissafi

"Used to" ba ya ɗaukar adadin shekaru ko yawan zuwa. Ba a cewa "I used to live in Maiyama for five years," sai dai "I lived in Maiyama for five years." Ba a cewa "He used to go to Mecca three times," sai "He went to Mecca three times." Abin da ya faru sau ɗaya ma ba nasa ba ne. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, manomi zai ce "The flood destroyed my farm in 2020," shi ke nan.

A koma wurin Alhaji. Da la'asar malamin Turancin yaron ya biyo ta rumfar, aka nuna masa saƙon. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yaron nan ya yi wa kasuwancinka jana'iza." Ya karɓi wayar ya goge kalma biyu, saura "We sell good onions." Alhaji ya sa aka karanta masa da Hausa, ya gyaɗa kai, ya ce a ƙara cewa a da buhu ɗari yake lodawa, yanzu tirela yake cikawa. Yaro ya yi shiru yana motsa baki da "amma yanzu ba haka ba", sannan ya rubuta: "We used to load one hundred bags. Now we fill a trailer." Malam ya duba, ya miƙa masa wayar ya ce ya tura. Alhaji ya sa aka ɗaura wa malam rabin buhu a bayan babur.