Takarda Zuwa Ga Gwaggo Injamena, Mai Sunan Hutu

Gwaggo Injamena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ko da yake na lura a gidanki ba a amsa wannan gaisuwa sai an leƙa titi tukuna. Na iso Kano lafiya. Ƙurar da kika yi mini guzuri ita ma ta iso, har yanzu ina kakkaɓe ta daga hula.

Saboda kakana nake ce miki Gwaggo. Shi ya fara ba ni labarinki, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kiranki da sunan nan na yanzu ba. Fallami yake cewa, wato Fort-Lamy a bakin Bakano. A ƙasa ya bi ta kanki zai tafi Makka, kamar sauran alhazan zamaninsa, ya yada zango wajenki yana ɗinkin hula har guzuri ya taru. Da na girma na ji an ce ma'anar sunanki a Larabcin Chadi ita ce "mun huta", sai na ce lallai dattijon nan bai yi ƙarya ba. Na ɗauki hutun wurin aiki, na ce bari in kai shi inda aka san darajarsa.

An ce suna linzami. Naki dai, Gwaggo, tun ranar suna ya tsinke. Shugaba Tombalbaye ne ya raɗa miki shi a 1973, lokacin da ya tashi wanke ƙasar daga sunayen Turawa, har shi kansa ya ajiye François ya ɗauki Ngarta. Shekara biyu bayan haka, ranar 13 ga Afrilun 1975, sojojinsa suka kashe shi a cikinki. Ko naman suna ba a gama rabawa ba.

Amma ba zan ɗora wa mai raɗa suna laifin duka ba, domin hanyar da na biyo ta karanta mini asalinki kafin in iso. Daga Maiduguri sai Dikwa, inda Rabeh ya kafa hedikwatarsa bayan ya rushe Kukawa a 1893. Daga nan Gamboru, a tsallaka Fotokol, a yanki ƙasar Kamaru zuwa Kusuri. A Kusurin nan ne, ranar 22 ga Afrilun 1900, Rabeh ya kara da Faransawa. Shi ya mutu, kwamandansu Lamy ya mutu, duk rana ɗaya. Sai Faransawa suka tsallaka kogi suka kafa bariki, suka sa masa sunan gawarsu. Barikin nan ke ce. Wasu garuruwan kasuwa ce ta haife su, wasu rijiya, wasu wani malami ne ya sauka da almajiransa. Ke kuwa a gidan makoki aka yanke miki cibi.

Da na haye gadar Ngeli na ɗauki tasi. Direban ya dubi hulata ya ce, "Alhaji, lale, daga Kano ko?" da Hausa garau. Ashe kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja zai tafi Makka, ya tsaya a wajenki ya ɗan huta. Yau jikoki da tattaɓa-kunne sun cika gida, ba a gama hutun ba. Shi ya zama ɗan jagorana har na bar ki, kuma shi ya ceci wayata, wataƙila har da mai wayar.

Ga yadda aka yi. Muna tafe kan babban titin da ya bi ta gaban fadar shugaban ƙasa, na ga doguwar katanga da ƙofa mai kyau, sai ɗabi'ar baƙo ta motsa, na ɗaga waya. Ban ankara ba sai na ji duka a bayan hannu, wayar ta faɗa ƙasan kujera. Bai ko dube ni ba, idonsa na kan hanya. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Nan ba a tsayawa, ba a nuni, ba a hoto. In tayarka ta fashe ma, a haka za ka ja ta har ka wuce." Na saci kallon masu kakin da ke bakin ƙofar, rawani ya rufe fuska sai baƙin gilashi, na ce masa ya ƙara mini ɗaya a ɗaya hannun don kada shi ma ya manta.

Daga nan ya bi da ni titin Charles de Gaulle, ya ce da can manyan itatuwa ne jere gefe da gefe, inuwa har ta haɗe. A farkon Fabrairun 2008 'yan tawaye suka taso daga iyakar Sudan cikin motoci ɗaruruwa, suka keto ƙasar cikin 'yan kwanaki, suka yi wa fada zobe. Kwana biyu ana ruwan wuta, Shugaba Idriss Déby na ciki ya ƙi fita, har suka janye. Da ƙura ta lafa sai aka sare itatuwan, wai kada gobe wani ya laɓe a bayansu. Aka kuma haƙa miki rami mai zurfi aka kewaye ki, don dole mai shigowa ya bi ta ƙofa. Mu Kanawa mun san ganuwa, Gwaggo, amma tamu ta zama abin nuna wa 'yan makaranta. Ban zaci zan ga wadda aka haƙa a zamanin wayar salula ba. A cikin wannan hargitsi ne aka zo har gida aka tafi da jagoran 'yan adawa Ibni Oumar Mahamat Saleh, kuma har yau iyalinsa ba su ga ko da gawarsa ba. Itatuwa dai an same su da laifi an hukunta su.

Da dare a masauki, wuta ta ɗauke, zafi ya hana barci, sai na zauna ina lissafin kwanakinki. Kin san kina da matsala da watan Afrilu? Rabeh da Lamy, Afrilu. Tombalbaye, Afrilu. Harin 'yan tawaye na 2006, ranar 13 ga Afrilu, daidai ranar da aka kashe Tombalbaye, kamar an aika musu katin gayyata. Sanarwar mutuwar Déby kansa, 20 ga Afrilun 2021, kwana ɗaya bayan an ce ya ci zaɓe karo na shida. Fabrairu ma ba ta bar ki ba: 1979 da 2008. Na kai wa direbana wannan bincike da safe ina jin na gano sirrin taurari. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba taurari ba ne, taɓo ne. Da damina mota ba ta tafiya."

Nan na gane wanda ya fi kowa daɗewa yana mulkinki. Sunansa Toyota, buɗaɗɗiyar nan mai bindiga a baya. Ita ta kawo Hissène Habré a Yunin 1982, ana gab da saukar ruwa. Ita ta kori tankokin Gaddafi daga Fada da Wadi Dum a 1987, har duniya ta sa wa yaƙin sunanta. Ita ta kawo Déby a Disambar 1990, ya sauko yana cewa bai zo da zinariya ko azurfa ba, 'yanci ya kawo, ya kuma zauna shekara 30 yana gadin 'yancin kada wani ya taɓa. Kowa ya zo ya ce ya zo ne ya hutar da ke, kuma kowa a bayan motar nan ya zo. Sai na ce to, ashe da damina kike samun sararin barci. Ya ce in tambayi mutanen Walia abin da kogin Shari da Logon suka yi musu a 2022, da aka koma shiga ɗaki da kwalekwale. Da rani harsashi, da damina ambaliya. Gwaggo, yaushe kike yin abin da sunanki ya ce?

Yanzu bari in amsa nawa laifin, tunda Bakano ne ke rubutu. Mu ma mun taɓa shiga maganarki. Bayan yaƙin Fabrairun 1979 tsakanin dakarun Shugaba Félix Malloum da na firaministansa Habré, Najeriya ta kira manyanki zuwa Kano a watan Maris, aka sa hannu. Bai riƙe ba, aka sake zama a Kano a Afrilu. Shi ma bai riƙe ba, aka tafi Legas a Agusta, ƙungiyoyi 11, aka haɗa gwamnati ɗaya: Goukouni Oueddei shugaba, Habré ministan tsaro. Wato an ba kura ajiyar nama, an kuma roƙe ta ta riƙa azumi. Zuwa Maris na 1980 mutanen nan biyu, dukkansu 'yan arewa, dukkansu Musulmi, sun raba ki gida biyu suna harbin juna har wata tara, sai da Libiya ta shigo da tankoki a Disamba. Mutanenki suka kwashe yara da tabarmi suka tsallaka Kusuri. Mu da muke alfahari da iya ciniki, wannan cinikin dai mun sayar miki da kwandon ɗiban ruwa. Ki yafe mu.

Akwai wuri ɗaya da raha ta ƙare mini. Direban ya rage gudu kusa da wata katanga, ya yi nuni da haɓa, ya ce, "La Piscine." Wurin ninƙaya ne na Turawan mulkin mallaka. A zamanin Habré 'yan sandan asirinsa, DDS, suka rufe samansa da kankare, suka yanka cikinsa ɗaki-ɗaki, suka cika da mutane a ƙarƙashin ƙasa, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Na tuna daren da na kasa barci don fanka ta tsaya, kunya ta kama ni. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe a shekara takwas. A 2001 aka tarar da takardun DDS zube a tsohon ofishinsu, ƙura ta rufe, da sunayen matattu 1,208 a rubuce. Azzalumin da ke da akawu ya rubuta wa kansa shaida. Wani ma'aikaci mai suna Souleymane Guengueng ya yi alkawari tun yana tsare cewa in ya fita da rai sai ya nemi shari'a, ya fita, ya bi gida-gida yana tattara bayanan waɗanda suka tsira. Shekara 25 da ɗoriya suka yi suna bin sawun mutum ɗaya, har wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Ya mutu a can a 2021. Direbana ya ce ƙanen mahaifiyarsa ya fita sayen batir a 1987. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, ya sa giya muka wuce.

Don adalci, na ga masu hutawa a gidanki. Na farko Toumaï, ƙoƙon kan nan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ce ya kai kimanin shekara miliyan 7. Shi kam ya huta, har sai da aka tashe shi aka sa sunansa a jikin kamfanin jiragen sama. Na biyu dorinar Shari. Na gan ta da yamma daga bakin gaɓa, hanci da kunne kawai a waje, tana tsakanin ƙasa biyu ba fasfo. Faransawa sun zo a 1900, sojojinsu na ƙarshe sun miƙa sansaninsu sun tafi a Janairun 2025, ita ko hamma ba ta fasa ba. Marshal Déby ya mutu, ɗansa Mahamat ya hau yana da shekara 37, shi ma ya zama marshal, matasa sun fito ranar 20 ga Oktoban 2022 an harbe su da dama, ita tana nan cikin ruwa.

Na uku kuma mutanenki, amma su satar hutun suke yi. Da azahar, in rana ta take, sai in ga masu kilando, wato 'yan acaɓarki, sun jingine babura ƙarƙashin darbejiya sun miƙe a kan sirdi, ƙafa bisa kan babur, barci har da minshari. Mai gasa naman raƙumi ya rufe tire da takarda. Matan da ke sayar da kifin salanga a bakin babbar kasuwa, kasuwar da ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a ƙofarta a Yulin 2015, sun ja mayafi sun rufe fuska, hannu ɗaya na korar ƙuda shi kaɗai. Ba wanda ya ba su izini, ba yarjejeniyar Kano, ba ta Legas. Awa ɗaya ce, sai la'asar ta tashe su.

A nan ne ma na ci bashi, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Ranar da zan tafi na zauna wajen wani mai shayi kusa da babban masallaci, na sha kofi biyu na jan shayin nan mai sukari kamar zuma. Na tambayi kuɗi ya ce arba'in. Na ce kai, garin nan da arha, na miƙa masa sefa 50 ina jiran canji. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, masu zama suka fashe da dariya. Ashe ke da riyal kike lissafi, kowane riyal sefa 5, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ƙirga dala. Sefa 200 ake bi na. Na laluba aljihu, sauran kuɗina duk na riga na mayar da su naira. Na ce zan ba shi naira, ya ɗaga hannu kamar na miƙa masa kunama. Ya ce, "Bar shi, Alhaji, sai ka dawo." Na ce ban san ranar dawowa ba. Ya ce shi yana nan.

To, Gwaggo, ki taimaka ki riƙe mini shi a wurin. Kada a sare darbejiyar da yake zama ƙarƙashinta, ba ta ɓoye kowa sai shi da butocinsa. Zan zo da 150 ɗinsa cikin watan Agusta, lokacin da motocin nan ke kafewa a taɓo, kuma zan taho da takalmin roba.

Ki gaishe da dorina in ta ɗago.

Naki,
Jikan mai ɗinkin hula, daga Kano