Yadda Za Ka Tsufar da Kwamfutarka Kafin Damina

Masana a Turai da Amurka sun daɗe suna gardama: a bar kwamfuta a kunne dare da rana, ko a kashe ta in an tashi aiki? Masu cewa a bar ta suna da hujja. Duk kunnawa da kashewa, kayan ciki su yi zafi su buɗe, su huce su tsuke, har dalmar da ta riƙe su ta fara tsagewa. Masu cewa a kashe su ma ba su yi ƙarya ba, don fanka tana gajiya, tsohon faifan ajiya kuma yana juyi 5,400 ko 7,200 a kowane minti, ba hutu.

Mu a Gwadangaji an hutar da mu wannan gardama. Babban layin Kainji ya iso Birnin Kebbi, har ya miƙa wuta Yamai, amma kashe kwamfuta a nan aikin mai ɗauke wuta ne, kuma ba ya neman shawarar kowa.

To, Malam, in kana son taka ta riga ta maƙwabci zuwa wurin mai gyara, ga hanya.

Kada ka kuskura ka kashe ta da hannunka. Jira a ɗauke wuta tana tsakiyar ajiye takardar da ka yini kana bugawa. Sannan ka bar filogi a soket ka tafi masallaci. Wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce gwana a wannan sana'a: abin da shekara biyar ta kunnawa da kashewa ba ta yi ba, ita kan gama shi kafin a yi sallama. In wani ya ambaci sitabilaiza ko UPS, ka ce masa kuɗin shinkafa ne, ba na wasa ba.

A watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, ɗora laftof a kan katifa, ka toshe mata kafofin iska. Injiniyoyi na lissafin cewa ƙarin digiri 10 na rage rayuwar kafasita da kusan rabi, ka ga ba ka da asara. Batiri ma zai kumbura, ya ɗaga madannai kamar ƙullin fanke.

Hunturu kuwa ba ya buƙatar taimakonka sosai. Buɗe taga kawai, ka bar kwamfutar a kunne. Fanka za ta yini tana shaƙar ƙura tana tara ta a ciki, kuma kada ka yarda a hure ta.

Akwai wasu masu taurin kai a ofisoshin sakatariya da shagunan buga takardu. Suna kashe tasu in an tashi, su zare filogi, su rufa mata ƙyalle, in an ta da janareta su jira ya daidaita kafin su kunna. Ka guje su. Tun zamanin Windows 7 suke fama da kwamfuta ɗaya, mai gyara bai ma san sunansu ba.