Yadda Ake Lallashin Majigi a Ranar Taro

Kakanninmu sun san majigi tun zamanin Turawa, lokacin da mota kan shigo gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a dandali, a nuna wa jama'a tsabtar gida da dabarun noma. Wancan majigin da direbansa yake zuwa, da mai fassara. Na yau kuwa ba shi da kowa sai kai, don kawai an taɓa ganin ka kana gyara wa shugaba waya.

To tunda ƙaddara ta faɗa maka, ka riga kowa isa ɗakin taro da awa guda. Majigi ba ya tsiya sai ya ga manyan baƙi sun zauna. In ka jona ya nuna maka shuɗin fili da rubutun No Signal, kada ka fara lissafin maƙiya. Duba kebul tukuna. Mai shuɗin kai da fil 15, wato VGA, hoto kawai yake kaiwa, ba ya kai murya. In akwai bidiyo a jawabin, za a ga mai magana yana motsa baki kamar mai lazimi. HDMI shi ne mai kai duka biyun. Siraran kwamfutocin yanzu ma wasu ba su da ramin ko ɗaya, sai da adafta, kuma wanda ya ari taka bara har yau yana cewa gobe. In kebul lafiya yake, danna Source a jikin majigin har ya gane ramin da ka shiga. In ya ƙi, haɗa maɓallin Windows da harafin P, ka zaɓi Duplicate.

Da hoto ya fito dishi-dishi, kowa a ɗakin zai zama injiniya. Wannan ya ce "ɗan ja baya", wancan ya ce "a'a, matso gaba", wani dattijo ya ce ai a zamaninsu bugu ɗaya ake yi masa. Ka ce musu "to, ranku ya daɗe", ka ci gaba da abin da ke gabanka. Zobe biyu ne yawanci a wuyan gilashin: ɗaya na faɗaɗa hoto, ɗaya na wanke shi. Buɗe shafi mai ƙananan rubutu, ka murɗa na biyun a hankali har harafi ya fito tas.

Sai babbar jarrabawa. In ka ɗaga hancin majigi sama, hoton zai fito kamar bokiti, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. A nan ne ake tattaro kundin taro da ambulan da kwalin biskit a cusa masa a gindi. Bawan Allah, yana da ƙafafunsa, murɗa su ake yi. Akwai kuma maɓallin Keystone mai miƙe gefuna, sai dai ba kyauta yake aiki ba: matse hoton yake yi, yawan danna shi kuma yana rage kaifin rubutu. Ni dai na fi son a nemo teburi mai tsayi, majigi ya dubi allo ido da ido, a bar wa Keystone ɗan abin da ya rage. In kuwa hoto ya fito kai ƙasa, daga silin wani ofis aka kwance majigin, saitin yana cikin Menu. Kada ka kife na'urar ka riƙe ta a hannu har a tashi. Na taɓa gani, kuma taron na yini guda ne.

Ka kula da fasalin allo. Tsofaffin majigai 4:3 ne, shafukan PowerPoint na yanzu 16:9. In suka saɓa, hoton shugaba ne ke biyan bashin. A baje shi, 'yan ƙungiya su fara raɗa cewa ga inda kuɗin asusu ya tafi. A matse shi, a fara yi masa sannu da jiki.

Ko majiginka mai lumen 3000 ne, ba ya iya kokawa da ranar azahar, saboda haka a saki labule. Amma kada ka kashe fitilu duka bayan an ci shinkafa da miya, in ba minshari kake son fassarawa ba. Kashe na kusa da allo, bar na baya.

Maɓalli biyu ne masu rufa asiri. Freeze yana daskarar da abin da ke allo, kai kuma ka yi ta laluben fayil ba mai gani. Harafin B a PowerPoint yana baƙanta allo har sai ka sake danna shi. Kafin duk wannan, fita daga WhatsApp ɗin kwamfuta. Saƙon uwargida na "a taho da tumatir" dariya kawai zai jawo. Saƙon wadda ka ajiye lambarta da sunan makanike, da alamar zuciya uku, a gaban mutum 80 har da surukinka, wannan babu maɓallinsa.

In an yi addu'ar rufewa, kada ka fizge filogi. Ƙwan fitilar ya yi zafi, fanka tana bukatar ɗan lokaci ta huce da shi, musamman in ƙurar hunturu ta toshe rariyar iska. Danna maɓallin kashewa sau biyu, ka tsaya har ƙugin ya yi shiru. A daidai lokacin ne ake layin kuɗin mota, don haka tun da safe ka shirya da wanda zai kama maka wuri, ya kuma ɗaukar maka kwalin abinci, mai cinyar kaza in da hali.