Yadda Ake Yi Wa Kwamfutocin Ofis Ƙaura A New Bell

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Washegari kowace kwamfuta ta tashi lafiya lau, ta buga rasit kamar kullum, shi ya sa mutane da yawa suka ce ba abin da ya faru. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da ake aiko mata ta intanet: maigadi ya ajiye aiki, kaya kuma suna cikin shago. Wanda ya ji abin da cutar kwamfutar nan WannaCry ta yi wa asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

A ɗauki ofishin wani Alhaji a unguwar New Bell ta Duwala, mai lodin kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Garwa da Njamena. Kwamfuta huɗu, firinta ɗaya, fanka ɗaya.

Inda za a yi ƙaurar shi ne Windows 11, sai dai amarya ce mai tsadar lefe. Tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da rumbu giga 64, in kuma injin Intel ne, zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Kwamfutocinmu kuwa yawanci gwanjo ne, sun gama bautarsu a Faransa ko Beljiyam kafin su hau jirgi. Mai gyara a unguwar Akwa zai ce akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma gaskiyarsa ce, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da kula da irin wannan aure ba. Kwamfutar da ta kasa, a sa mata Linux Mint, kyauta ne, ta ci gaba da rubuta wasiƙu da mutuncinta.

Kafin a taɓa komai, a nemo kalmar sirri. Wanda ya sa ta ɗan ƙanwar Alhaji ne, yanzu yana Libreville, lambarsa ba ta shiga. Ya rubuta ta a bayan kalanda, kalandar kuma an naɗe ƙosai da ita tun azumin bara. Wannan mataki kaɗai yakan ci mako guda, don haka da shi ake farawa.

Sai kwashe kaya. A kwafe komai sau biyu a faifan waje, har jakar nan mai suna "Nouveau dossier 7" da kowa ke rantsuwa ba komai a ciki, domin a can lissafin bashin shekara goma yake kwance. Kwafi ɗaya ya tafi gida, a ɗora shi bisa kabad. Duk wanda ya ga ruwan Agusta a New Bell ya san dalili. Kada a fara aikin ran Juma'a, kada a fara in hadari ya haɗu, kada a fara ba batirin riƙe wuta, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da girkawa, kwamfutar ba ta gidan uba, ba ta gidan miji.

Wajen girkawa za a tambayi irin allon rubutu. A dubi allon da kyau. In na Faransanci ne, mai farawa da AZERTY, aka zaɓi na Amurka, duk inda aka buga A sai Q ya fito, kuma takardar farko da za ta je kwastan za ta ɗauki sunan Qlhqji.

Haɗin ofis ma yana da nasa sabon hali. Jakar bai-ɗaya da kowa ke shiga ba sallama, sabon zubin Windows 11 yakan ƙi buɗe ta sai da suna da kalmar sirri. A ba kowa nasa. Tsohuwar firinta kuma a nemo mata manhajar da ke tuƙa ta tun kafin ranar girkawa, a gwada a kwamfuta ɗaya, a bar ta akawu sai ƙarshe.

Ran Litinin Alhaji zai zauna, ya kai hannu kusurwar hagu ta fuskar kwamfuta.

"Kai yaro, ina maɓallin nan nawa?"

"Ranka ya daɗe, sun mayar da shi tsakiya."

"Da izinin wa?"

Ana iya mayar da shi hagu ta cikin saituna, aikin minti ɗaya ne. A yi shi tun daren Lahadi.