Ranar Malamai a Zandam: Kowa a Inuwa, Mai Biki a Rana

Idan watan Oktoba ya kama, abu biyu ne ke nuna a ƙasar Gwaram: amfanin gona da haƙurin malamin firamare. Gero ya kama hanyar rumbu, ana yankan riɗi ana jinginewa, ana cirar gyaɗa, kuma a daidai wannan lokaci ne duniya ta ga ya dace a karrama malami. Hukumar UNESCO ce ta tsayar da 5 ga Oktoba a matsayin Ranar Malamai ta Duniya tun 1994, don tunawa da matsayar da aka cimma a birnin Paris a 1966 kan darajar malami da haƙƙoƙinsa. Waɗanda suka zauna a Paris ba su shawarci kowa a garin Zandam na ƙasar Gwaram ba, shi ya sa ranar take faɗowa lokacin da manyan 'yan aji suka fi ganin gona a kan allo. A 2024 ma ranar Asabar ta faɗo, a 2025 kuma Lahadi, kamar ita kanta kalanda ba ta so a ɓata ranar aiki saboda malami.

Duk da haka akan yi taro, kuma shirinsa kan fara ne da kafa kwamiti. 'Yan kwamitin malamai ne. Abu na farko da za su tattauna shi ne kuɗi: hayar rumfa, kujerun roba, lasifika, ruwan leda, lemon kwalba na manyan baƙi, da man janareta, wanda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama shi ma babban baƙo ne da sai an yi masa tanadi na musamman. Bayan an yi ta duba sama da ƙasa, sai hedimasta ya gyara murya ya ce, "To, jama'a, abin nan fa namu ne." Ma'anar wannan magana kowa ya san ta: karo-karo. Malami zai cire daga albashinsa ya haɗa kuɗin da za a karrama shi da su.

Daga nan sai makonni biyu na atisaye. Darasin lissafi ya koma koyon maci, darasin Hausa ya koma haddar Turanci, malamin da ke da murya ya zama mai ba da umarni har muryar ta dushe.

Ranar taro, katin gayyata ya ce ƙarfe tara. Yara suna kan layi tun takwas, an shafe su da mai suna ƙyalli, wasu da rigar makaranta ta yayyensu. Layin gaba a cikin rumfa na manya ne: wakilin ciyaman, wakilin sakataren ilimi, kansila, dagaci, masu unguwanni, shugaban ƙungiyar iyaye, sai wani mutum mai babbar riga da babu wanda ya san wanda ya gayyace shi, amma ba ya fashin taro. Babban baƙo kan iso gab da azahar, a tashi tsaye, a yi masa "ranka ya daɗe", a sake buɗe taron da aka riga aka buɗe. Malaman da ake karramawa fa? Suna can bayan rumfa a tsaye cikin rana, kowa da tsumagiya a hannu, suna korar awaki da 'yan kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Taken ƙasa shi ne jarrabawar farko. Tun da aka dawo da tsohon take a watan Mayu na 2024, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, taro ya rabu gida uku. Yara suna rera wanda aka koya musu jiya, bakin malamai yana zamewa zuwa wanda suka tashi da shi, manyan baƙi kuma suna motsa leɓe kawai da fuskar kishin ƙasa. Mutum ɗaya ne ke rerawa da ƙarfin gwiwa daga farko har ƙarshe, wani dattijo da ya yi firamare kafin a canza taken, wanda ya shekara arba'in da wani abu yana jiran wannan rana.

Sai jawabin maraba. A nan ake fito da yarinya 'yar aji uku, wadda aka ɗura wa shafi guda na Turanci. Za ta tsaya gaban makirfon da ya fi ta tsawo, hannaye a baya, ido a kan rufin rumfa, tana rangaji hagu da dama, kalmomi na zuba ba waƙafi ba aya. Idan ta kai tsakiya ta kakare, ba ta da wata dabara sai ta haɗiye yawu ta koma farko, domin abin a jere yake a kanta, in aka zare ɗaya sauran sun watse. Malamar da ta koya mata tana tsugune bayan lasifika tana raɗa mata kalmar da ta ɓace, lasifikar kuma tana kai raɗar har bakin kasuwa. Tana gamawa wuri ya kaure da tafi, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, a fito a liƙa mata naira hamsin-hamsin a goshi. Da za a tare ta a tambaye ta abin da ta ce, da an shiga hakkinta. Da za a tambayi masu tafin ma, da an shiga nasu.

Muhawara ita ce ta fi daɗi. Maudu'in bai taɓa canzawa ba: tsakanin likita da malami wa ya fi amfani? Alƙalan malamai ne, don haka sakamakon a rubuce yake tun kafin a fara. Yaron da ke kare malami zai daki ƙirji ya ce ba don malami ba da babu likita, babu injiniya, babu gwamna. A ba shi na ɗaya. Sai mai gabatarwa, don ya ƙara wa taro armashi, ya sunkuya ya tambaye shi, "To ɗan samari, in ka girma me kake so ka zama?" Yaro ya dubi malaminsa da takalminsa da ya sha ɗinki, ya dubi motar babban baƙo, ya ce, "Kwastan."

Wasan kwaikwayon ma gado ne. Uba ya hana 'yarsa boko ya ɗora mata talla, malami ya zo ya roƙe shi, daga baya ta zama likita, uban ya kwanta ciwo, ita ta yi masa allura, ya yi nadama. Saƙon ba shi da laifi. Matsalar ita ce yaron da ke fitowa a uban, da gemun auduga da rigar kakansa tana jan ƙasa, shi ke kwashe duk dariya da duk liƙi, har iyayen da aka shirya wasan dominsu su riƙa gyaɗa kai suna cewa, "Wallahi tsohon nan yana da hujja." Malamin cikin wasa kuwa minti biyu yake yi, ya faɗi nasiha ya fita, ba wanda ya tuna fuskarsa.

Jawabai kan cinye sauran yinin. A wannan yanki ba a rufe taron ilimi ba a ambaci cewa Aliko Dangote ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ba. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma da mai gabatarwa zai sa kyautar buhun shinkafa ga duk wanda ya faɗi sunan malamin da ya koya wa Dangote lissafi, da buhun ya koma sito. Daga nan sai a zo kan maganar da ba ta tsufa, cewa ladan malami yana lahira. Malamai sukan amsa da "Allah ya sa", domin ba mai ƙin lada, sai dai mai shagon unguwa bai yarda a biya shi a can ba.

Alkawari ma an sha shi. A Ranar Malamai ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙarin shekarun aiki daga 35 zuwa 40, da na ritaya daga 60 zuwa 65. Ɓangaren ƙarin shekarun ya zama doka a 2022. Ɓangaren albashin kuwa ƙungiyar malamai ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, ta sha tunatarwa a kansa. Wato an fara ba malami ƙarin lokacin jira tukuna.

A ƙarshe a kira gwarzon malami a miƙa masa takardar yabo da agogon bango. Kan batun agogon, ra'ayi ya rabu a ɗakin malamai: wasu na ganin kyauta ce, wasu na ganin habaici ne. Kuma a faɗi gaskiya, akwai wanda habaicin ya dace da shi, irin malamin da ranar kasuwar garin Sara ko ranar da aka ji ƙishin-ƙishin albashi ya shiga, sai dai monita ya riƙe aji da sanda.

Abin mamaki shi ne yaran ƙasar nan ba su rasa fasahar wasa ba, manya ne ke danne ta. Duk wanda ya ga tashe daga goma ga azumi ya san haka. Akwai ma wasan tashen da malami ne abin tsokana a cikinsa: yaro ya sha rawani da gemun auduga, ya rungumi allo da buta, ana tuhumarsa da taka rawa yana musantawa, har kiɗa ya ci ƙarfinsa ya cashe. Ba wanda ya rubuta musu, ba wanda ya yi musu atisayen mako biyu. Haka wasan kalankuwa da samarin ƙauye kan yi bayan kaka, inda ake kwaikwayon masu mulki a gaban masu mulkin. Da za a sakar wa 'yan firamare mara irin haka, da an ga wasanni.

Ga wasan ƙarshen wata, misali. Yaro ɗaya ya fito a malami, yana koyar da jadawalin sau, amma kowane minti sai ya zaro waya ya duba ko alat ya shigo. Wani ya fito a mai shago da littafin bashi a hammata, yana leƙe ta taga. Na uku ya zama babur, malam ya yi ta buga shi ya ƙi tashi, a ƙarshe ya tura shi gida. Babu buƙatar kalmar Turanci ko ɗaya, kuma babu wanda zai nemi fassara. Ko wasan zuwan sufeto: a share fili, a ɓoye karyayyun benci, a cika allo da rubutu, a zaunar da masu ƙoƙari a gaba, a gargaɗi sauran cewa kowa ya ɗaga hannu amma kada ya kuskura a kira shi. Iyaye ma a ba su rabonsu, da wasan uban da bai taɓa tambayar me ɗansa ya koya ba, amma ranar da aka yi wa yaron bulala biyu ya iso makaranta kafin hedimasta. 'Yan aji ɗaya kuwa a bar su da abin da suka iya: 'yan mata su yi gaɗa, maza su yi langa, kowa ya faɗi da Hausa abu guda da malamarsa ta koya masa, ko da wanke hannu ne.

Akwai kuma wasan da ya fi duk waɗannan haɗari, shi ya sa ba a cika sa shi a jadawali ba. A ɗauko littafi, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam ne, a ba babban baƙo ya buɗe shafin da ya ga dama, a kira yaro daga tsakiyar layi, ba wanda aka ware ba, ya karanta sakin layi ɗaya ya faɗi abin da ya fahimta. In ya karanta, an karrama malaminsa fiye da agogo goma. In ya kasa, to manyan da ke cikin rumfa sun ga aikin da ke gabansu, su da malaman baki ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Zandam. Makarantar allo ta daɗe da tsarinta: ranar sauka ɗalibi ne ke karatu a gaban jama'a, kowa ya ji da kunnensa, a yi walima, a kai wa malam nasa har gida. Ga kuɗin Laraba duk mako, komai ƙanƙantarsa. Ba a taɓa jin alaramma ya yi karo-karo don a yi masa godiya ba, ko ya tsaya a rana yana gadin takalman baƙi.

Saboda haka ga kira ga masu shirya taro na gaba. Kwamitin ya zama na iyaye, su kuma malamai a hana su taɓa aljihu. A jera musu kujeru a layin gaba, wakilan wakilai su koma na biyu, ba abin da zai same su. Babban baƙo in ya ga ba zai iso kafin goma ba, ya aiko da saƙonsa a ambulan. Tunda kuma lokacin kaka ne, duk uban da ya zo kallo ya riƙo tiya guda ta abin da ya noma, gero ko gyaɗa ko riɗi, ya ajiye gaban malamin ɗansa kafin ya nemi wurin zama.