Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Zama Injiniyan Unguwa a Yawuri

Tun 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya ci tsibirai da gonaki, aka tashi dubban Gungawa da Kambari da maƙwabtansu daga gidajen gado domin ƙasa ta samu lantarki. Ƙasa kuwa ta samu. Manyan wayoyi suka ɗauki wutar suka yi Birnin Kebbi da ita, daga can har Yamai. Mu mutanen bakin ruwa, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara, aka bar mana kifi da haƙuri. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Shi ya sa kowane gida ya zama kamfanin wuta mai zaman kansa: farantin sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin gado, janareta a bayan ɗaki. Kamfani kuma ba ya tafiya babu injiniya. In kana sha'awar kujerar, ɗan'uwa, ga hanya.

Na ɗaya, sayi multimita. Ita ce 'yar rawayar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da maɓalli mai juyawa a tsakiya. Ka sa ta a aljihun gaba, ka bar wayoyin suna leƙowa. Kafin Juma'a ta zagayo za ka ji yara suna cewa "Injiniya, ina wuni?" Sai dai ka tuna ita ma batir take ci, mai bolt 9. In ya yi sanyi sai ta fara ƙarin gishiri, ta nuna maka lambar da ta fi gaskiya yawa. Canja shi kafin ta kunyata ka a gaban surukai.

Na biyu, san ramukanta. Baƙar waya gidanta COM, ba ta yaji. Jar waya ta shiga ramin da aka rubuta V da Ω. Akwai rami na uku mai rubutun 10A, na auna yawan wutar da kaya ke sha. A wannan ramin mita ba komai ba ce illa miƙaƙƙiyar waya, kuma masu arha ko fis ba su da shi a nan. In kana so duk unguwa ta san ka fara aiki, ka manta jar waya a ciki ka soka a soket. Za a ji ƙara, a ga tartsatsi, a zo jaje. In ba ka son irin wannan suna, duba ramin kafin kowane gwaji.

Na uku, wuta iri biyu ce. V mai lanƙwasasshiyar alama ta soket ce da janareta da inbata. V mai miƙaƙƙen layi ta batir ce da sola. Za ka gwada soket, sai ka juya maɓalli zuwa lamba mafi girma a ɓangaren farko, 750 ko 600, gwargwadon mitarka. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce ko kusa da haka. In ka ga 150, ka wanke kishiya daga zargi, ba ita ta yi wa firjin Hajiya asiri ba. Wutar ce ta zo a gajiye, a zare firjin kafin injinsa ya ƙone. In janareta ya haura 250, kashe shi tun bai aika ƙwayayen fitila lahira ba. In kuwa sifili ka gani, kada ka kwance komai tukuna. Leƙa gidan maƙwabci. Sau da yawa ciwon ba ya wuce "an ɗauke".

Na huɗu, batir, nan kasuwar take. Mai shagon cajin waya zai tare ka yana share gumi: "Injiniya, batirin nan bai shekara ba, amma kafin isha'i ya mutu." Kada ka amsa. Tsuguna, ka hure ƙurar da ke kansa, ka kankare farin garin da ya taru a kan ƙarafan, ka juya mita zuwa 20 a ɓangaren miƙaƙƙen layi. Ja a kan +, baƙa a kan −. Batir mai bolt 12 da aka cire daga caji ya huta kamar awa guda, in ya nuna 12.6 zuwa 12.8, a cike yake. 12.2 rabin ciki ne. Ƙasa da 12 yunwa ce sosai. In ya kwana a caji ya tashi da 10.5, ka cire hula ka yi wa mai shi ta'aziyya. In alamar ragi ta fito gaban lambar, ba bashi ake bin batirin ba, wayoyin ka juya.

Amma batir ya iya fankama in ba a ɗora masa kaya ba. Ka ce a kunna fanka da fitilu, idonka na kan mita. In lambar ta zubo daga 12.6 zuwa 11 cikin 'yan mintoci, ya gama yayinsa. Sannan ka tambayi abin da aka jona masa. Za ka ji talabijin, da fanka biyu, da wayoyin rabin kasuwa. A nan sai ka yi nasiha.

Farantin sola na batir mai bolt 12, in ka cire wayarsa da tsakar rana, ka matsar da maɓallin mita zuwa lambar da ke sama da 20, zai nuna 18 zuwa 22. Yana iya nuna hakan alhali ƙurar hunturu ta rufe masa fuska, don haka tsumma da ruwa su ma kayan aikin injiniya ne. Babur kuwa, tayar da shi ka ba shi wuta. In batirin ya hau 13.5 zuwa 14.5, yana caji.

Na biyar, koyi sauraron kukanta. Kashe wuta, zare filogi, sannan ka juya zuwa alamar ƙara. Haɗa bakin wayoyin biyu, za ta yi "tiii". Yanzu ɗora su a kan gefe biyu na fis, ko farko da ƙarshen wayar famfon sola na mai albasa, wadda ɓera ya yi sahur da ita. In ta yi kuka, hanya a buɗe take. In ta yi gum, lamba 1 ta tsaya ita kaɗai a gefen hagu, hanya ta yanke. Mitar da ba ta kuka, sa ta a 200 na Ω, lafiyayyar waya za ta nuna kusan sifili. Ka gano fis ne? Girgiza kai, ka ce "ikon Allah", martabar sana'a ke nan. Amma kuɗin fis za ka karɓa, ba na sabuwar inbata ba, akwai hisabi. Kuma fis da fis ake maye shi. Mai ɗaura wayar tagulla a gurbinsa gobara yake wa shimfiɗa.

Na shida, ji tausayin iyalinka. Ka fito daga kwale-kwale da jiƙaƙƙen hannu, goge shi ƙaƙas. Sa takalmin roba, ka riƙe wayoyin ta robarsu. Harshe na miya ne, a daina gwada batir da shi. Kada ka kwance inbata ko talabijin don an ɗauke wuta, akwai kafasita a ciki mai riƙe ajiya. Taransifoma da falwaya kuwa, gaishe su daga nesa. Abin da ke shiga taransifoma bolt 11,000 ne ko 33,000, mitarka ba ta wuce 750 ba, kuma wuta ba ta san maganin ƙarfe ba.

In ka gama, mayar da maɓalli kan OFF. Abin da mita ta nuna ka gane, gyara shi. Abin da ba ka gane ba, ɗauke shi ka kai wa wanda ya koyi aikin a hannun ubangida. Ba za a ƙwace maka sunan Injiniya don ka yi tambaya ba.